Dodon Halmoni Ba Shi da Ƙaho

Da sunan Allah. Ni Hansai, 'yar Malam Zailani na Malumfashi, mazauniyar Plumstead, nake rubuta wannan da cikakken hankalina. Gwiwoyi ne suka yi ritaya, zuciya kuma likita ya ce ta gaji. Kai dai lafiya lau yake, ko da 'yata Nimatu za ta ce dama can sai a hankali.

Na ɗaya. A raba gado yadda Allah ya ce. Flat ɗin da nake ciki na council ne, haya nake yi, kada wanda ya sa rai.

Na biyu. Abdul-Salam, ɗan fari, yau na rubuta sunanka, takarda ba ta da kunya. Robobin kabejin nan mai yaji da surukarka ke aiko mini suna ƙarƙashin sink a kicin. Ka mayar mata New Malden, da dambun nama a ciki. Mutanen Koriya ma ba sa son a mayar da kwano wayam.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Nimatu, tun bikin zagayowar ranar haihuwar Ameera, 'yar Abdul-Salam, ba ki sake taka gidan yayanki ba, ba kya amsa gaisuwar matarsa Eun-ju. Na san kin sha yawo a Stratford kafin ki samo wa yarinyar kayan dodon Koriya, mai ƙaho da kulki mai ƙaya, don ki faranta wa dangin uwarta. Na ga lokacin da Halmoni, kakarta ta wajen uwa, ta zare ƙahon daga kan yarinyar ta jefa a kwandon shara a gaban baƙi. Da ni ce ma da na ji haushi.

Amma ke kin fice, ni na zauna, don ba a yanka kek ba. Da Turancina gurgu da nata makaho muka fahimci juna. Ta ce dodon da kakarta ke ba ta labari kamar ƙaton mutum yake, daga tsohuwar tsintsiya yake fitowa, ya tare matafiyi ya ce sai sun yi kokawa. Shashasha ne mai son raha, yakan ma azurta mutum. Da Japan ta mulke su, sai aka zana shi a littafin makaranta da ƙaho irin na dodon Japan. A makarantar aka sauya wa mahaifiyarta suna, aka doke ta don ta yi yarensu. Ba kyautarki ta jefar ba, Nimatu. Wannan makarantar ta gani a kan jikarta. Ki je ki gaishe ta. Ba sai kin ba da haƙuri ba, ki dai zauna ki ci abin da aka ba ki, ko hawaye na zuba saboda yaji.

Na huɗu. Zanen damisar da ke ɗakina, mai idanu kamar ta sha magani, na Ameera ne. Halmoni ce ta ba ni. Ta ce an farauce damisoshinsu har suka ƙare, sannan aka koya wa yara cewa taswirar ƙasarsu zomo ce, ba damisa ba. Abdul-Salam, in kana ganin zai hana mala'iku shiga, ka sa a akwati, amma kada ya ɓace.

Abin da ke cina shi ne ita ta san abin da aka sauya mata, ni ban sani ba. Na yi suna da tatsuniya tun daga Malumfashi har Woolwich, amma yau in na tuna wata, ban san ko daga bakin Inna ta fito ba, ko daga littafin elemantare da Bature ya buga, ko ni ce na ƙara gishiri. Inna tana da waƙar da dodo ke yi a bakin rafi. Rabinta ya rage mini, waɗanda zan tambaya duk sun riga ni. Da na ce wa Ameera ta zana mini dodona, na talabijin ta zana, kore shar.

Na biyar. In na tafi, kaka ɗaya ta rage wa jikokina. A riƙa kai su wajen Halmoni ranar Asabar, har da naki, Nimatu, ta yarda. Ke kuma abin da kika riƙe na tatsuniyoyina ki ba su da Hausa, su amsa da Turanci in sun ga dama. Inda kika manta ki ce kin manta, kada ki cike da na kanti.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'a. Na yafe muku, ku yafe mini. Nimatu, likita bai ba ni dogon lokaci ba, kuma na fi so in ji labarin zuwanki New Malden da kunnena. Ki ɗauki Eun-ju a motarki, ku tafi tare.

Uwarku, Hansai