Dutsen da Na Juya Hagu

Talata, 4 ga Yuli

Baƙi goma sha ɗaya yau, yawanci Amurkawa masu neman tushen kakanni. Baba Festy mai jirgin ruwa ya tsallakar da mu tsibirin, na zaga da su kangon sufaye da rijiyar waliyyi, muka ƙare a duwatsun tsinuwa da ke kan bagadi. Na faɗa musu abin da nake faɗa kullum: ka juya dutse dama, addu'a ce, ka juya shi hagu da sunan mutum a ranka, ka tsine masa. Wata mai jar hula ta matsa wai sai na nuna. Shekara uku ina wannan aiki ban taɓa ko ɗaya ba. Yau na juya babban, hagu. Suka yi ta tafi.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: Yaya Colman ne a raina.

Alhamis, 6 ga Yuli

Dympna, matar Yaya, ta bugo waya ina wanke kofuna. Shekara uku rabon da in ji muryarta. "Nuala, yayanki ya faɗi a garken tumaki. Ɓarin jikinsa ya shanye, muna asibiti a Galway." Na ce to. To kawai! Kofin na hannuna har ta kashe wayar.

Juma'a, 7 ga Yuli

Iska. Babu jirgin da zai fita.

Asabar, 8 ga Yuli

Ni da na yi karatu har jami'a, wai ni ce nake tsoron dutse. Mutum mai cin naman alade da man shanu safe da rana, ga taba, ga taurin kai, ai ba sai an tsine masa ba. Haka nake ta gaya wa kaina.

Kuma ban manta ba. Ina Glasgow ina aiki ya kwashi Mama ya kai ta gidan tsofaffi, bai ko tambaye ni ba. Matar da aka haifa a bakin teku ta mutu tana kallon wurin ajiye motoci. Ranar jana'iza na ce masa ba ni ba shi, kuma na cika.

Litinin, 10 ga Yuli

Na sami Baba Festy a mashigar jiragen ruwa yana ɗinkin komar kamun kifi, na fashe masa da komai. Ya yi dariya har da tari. "Ke 'yar nan, tsinuwa wasa ce? Sai da azumin kwana uku da zagaye ba takalmi. Ke da kika cika ciki da burodi da ƙwai!" Sai kuma ya daina dariyar. Wai a wajen kakarsa ya ji, in wanda aka tsine wa ba shi da laifi, kan mai tsinuwar take komawa. "Ga ki garau. Kenan ke ce mai gaskiya, sai ki yi murna."

Tsohon banza. Na dawo gida ban ji murnar komai ba.

Amma kafin in taho na roƙe shi ranar da teku ta lafa ya kai ni in mayar da dutsen dama, ko da ba baƙi.

Laraba, 12 ga Yuli

Har yanzu iska da ruwa. Na soke rukunin Faransawa. Dympna ta turo saƙo: an hana Yaya abinci mai tauri, magana ba ta fita sosai. Ban amsa ba. Me zan ce, ni na jawo?

Juma'a, 14 ga Yuli

Teku ta kwanta lumui. Baba Festy ya aiko cewa ƙarfe tara zai tashi, kuma gobe iskar za ta dawo. Na sa takalmin roba na fita. Motar Galway ma tara take tashi, a gaban coci. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga kaina a cikinta da takalmin roba.

A asibiti na tarar Yaya ya rame. Bakinsa ya karkace. Da ya gan ni ya ce wani abu sau uku kafin na gane: "Auta." Na ɗauki cokali na ba shi kunun da ke gefe. Rabi ya zube a rigarsa.

A baranda Dympna ta ce, "Sau biyu ya tsamo Mama daga ruwa a mashiga, hankalinta ya gushe, tana neman jirgin babanku. Na biyun har wuya. Ya hana a gaya miki, wai gara ki tsane shi da ki san ta kai haka."

Na shiga banɗaki na daɗe.

Asabar, 15 ga Yuli

Iska ta dawo. Dutsen yana can yadda na bar shi.

Ba wai na yafe ba ne, ai ya kamata ya gaya mini tun lokacin. Kawai dai Dympna ta gaji, kowa ya gan ta ya sani. Na ce ta zauna gida Litinin da Talata ta duba tumakin, ni zan je wurinsa. Na sayi ƙaramin cokali, na asibitin ya yi wa bakinsa girma.