Na Ce Ciki Ne, Surukata Ta Fara Saƙa Hula

Anti mai shawara, ki taimake ni kafin in yi abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a dangin mijina.

Shekaruna arba'in da shida, malamar makaranta ce ni, kuma na daɗe ina fama da ciwon hanji. Likita ya yi duk gwajin da zai yi, ya ce ba gyambon ciki ba ne, ba tsutsa ba ce, hanjin ne kawai ke da saurin fushi. Na ce to, halin mai shi ya ɗauko. In na ci wake, ko albasa, ko abu mai maiƙo, ko na sha madara, cikina sai ya kumbura ya yi ta murɗawa. Yau gudawa, gobe ko na wuni a banɗaki ba abin da zai fito.

Duk hutun ƙarshen shekara gidan surukata muke taruwa, 'ya'ya da jikoki, banɗaki ɗaya tal a ƙarshen baranda, ƙofarsa ko sakata babu. Shekara da shekaru ina bayani. Na karanta duk abin da na samu a kan ciwon, na tauna musu shi dalla-dalla. Ƙanwar mijina ta ce iyayi ne irin na waɗanda karatu ya yi wa yawa. Surukata kuwa, in na ture faranti sai ta ce na raina girkinta, ta ƙara mini. In ci don kunya, in ƙare hutuna a layin banɗaki bayan yara, ina gumi ina murmushi.

Kwanan baya muka je kai mata kayan hutu. Ranar ciwon ya tashi, har rigata ta matse ni. Ta kawo abinci, na ce ba zan iya ba. Ta tambayi me ke damuna, ni kuma na gaji da dogon bayani, sai na ce mata ciki ne. Anti, ni da nake tsayawa gaban aji ina ja wa yara kunne kan kalma mai ma'ana biyu! Ta dubi rigar, ta dubi fuskata, sai ga hawaye. Ta rungume ni, tana cewa ta roƙi Allah ya nuna mata ƙarin jika ɗaya kafin ta bi tsohonta. Tunda mijinta ya rasu ban ga haƙoran matar nan a waje ba sai ranar.  Kafin in gyara zancen ta riga ta ɗauki waya tana sanar da dangi.

Maigidana yana tsaye, shi da ke sayo mini magani da hannunsa. Sai ya bar ta da zatonta. A mota ya ce in bar Mama ta ɗan ji daɗi. Yanzu ƙannensa na kiransa suna cewa ashe da sauransa, shi kuma yana wani shafa gemu.

Ga abin da ke ƙona mini rai. An gyara mini ɗakin da ke jikin banɗaki. An kira kafinta ya sa sakata, sakatar da na roƙa har na gaji. Ƙanwar mijin nan mai cewa iyayi ta bugo tana tambayar me nake iya ci, wai za a riƙa dafa mini farar shinkafa da kifi a tukunya daban, babu albasa. An haramta mini wanke-wanke. Ashe duk sun iya! Ashe kunnensu ƙalau yake, ciwon nawa ne bai kai a saurare shi ba sai da aka zaci akwai wani a ciki. Surukata har ta fara saƙa hula.

Hutu ya ƙarato. In na faɗi gaskiya, na karya zuciyar tsohuwa, na koma layi. In na yi shiru, ciki dai ba ya zama har abada. Wallahi har na fara tunanin in ci wannan hutun cikin daraja, in ya wuce a san yadda za a yi. Ki ce wani abu.

Mai ciki, ba na haihuwa ba

*

'Yar'uwa, na yi dariya, sannan na ji haushi tare da ke. Fushinki yana kan hanya. An daɗe ana mayar da ciwonki abin wasa, kuma kina da haƙƙin jin zafin haka.

Amma ki cire wannan "a san yadda za a yi" daga ranki. Ni da ke mun san inda zai kai ki: ki wayi gari kina cewa ɓari kika yi, tsohuwa ta yi makokin jikan da bai taɓa wanzuwa ba. Ranar farko kuskuren fahimta ne. Daga nan gaba, shirunki yaudara ne, kuma damuwar ɓoye shi kaɗai ta isa ta tayar miki da hanji.

Ki yi wa surukarki adalci ta wani gefen. Juna biyu abu ne da ta sani a jikinta. Ciwon da gwaji bai nuna komai ba, mai shi tana tafiya da ƙafafunta, bai shiga kanta ba. Wannan ba ya wanke ta, amma ba lallai mugunta ba ce.

Ku je wurinta kafin gida ya cika, ke da maigidan. Shi zai fara magana, tunda uwarsa ce, kuma shi ya sha kirarin. Shi ne kuma zai kira ƙannensa ya warware. Ke ki ba ta haƙurin jinkirin da aka yi, ban da haƙurin rashin lafiya. In ta yi kuka, ki bar ta ta yi. In ta huce, ki gode mata kan ɗakin da tukunyar da sakatar, ki ce mata su ne maganin da kike nema tun farko, ki roƙe ta ta bar miki su.

Ki tafi da maganinki da abincin da kika san yana zauna miki. Ki ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ki sha ruwa, ki rage lemon kwalba, ki ɗan taka bayan cin abinci. Ki leƙa likitanki kafin tafiya, musamman in kumburin ya canja salo, ko kin ga jini, ko kina ramewa.

In kuwa bayan duk wannan aka dawo miki da faranti ana ƙara miki, to bana ki yi wuni ki koma gidanki ki kwana, ba faɗa, ba gaba. Zumunci bai ce sai kin yi jinya ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar tsohuwa, ya kuma buɗe bakin maigida.