Gaisuwar Inna a Shafina

Asabar, 6 ga Fabrairu, 1999

Ƙanena Muhyiddin ya aiko daga Ingila, wai ya buɗe mini shafi a intanet. Ni Raliya, mai koyar da buga tafireta a Kontagora, da shafi! Ban taɓa ganinsa ba, a garin nan ina zan gan shi? Zan buga a kwamfutar makaranta, in sa a faifai, Buba direba ya kai wa ƙawata Christiana a Kaduna, ita ta tura wa Muhyiddin. Abin da ya fi yi mini daɗi, ba wanda ya san ni a nan da zai karanta. A gidan nan ko tari ka yi sai an tambayi dalili. Yau dai na samu ɗaki nawa ni kaɗai.

Lahadi, 14 ga Maris

Na rubuta labarin tsamiyar gidanmu na Beri, da yadda muke wankan rafi har idonmu ya yi ja. Ina bugawa ina hawaye. Kewa ce kawai.

Talata, 20 ga Afrilu

Bakina ya ja mini. Inna ta tambayi abin da nake ba Buba, na ce rubutu ne da duniya za ta iya gani. Ta ce ashe irin katin zaɓe ne na gaishe-gaishe a rediyo. Na yi bayani har na gaji. Ta gyara zama ta ce in ɗauko biro: tana gaida Fure mai ƙuli-ƙuli, da Ruka ta bakin kasuwar Beri, da Fadimatu wadda suke zuwa itace tare, da fatan suna lafiya kamar yadda take lafiya.

"Inna, Fure fa ta rasu tun ina firamare."

"Na sani. Ke dai rubuta."

Alhamis, 3 ga Yuni

Kowane faifai yanzu sai da gaisuwarta. Ba ta tsaya a suna ba, sai ta haɗa da labari: ranar da jaki ya zubar musu da man gyaɗa, Fure ta zauna a hanya tana dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ɗaki ɗaya na samu, shi ma an shigo mini da tabarma. Na gaya wa Muhyiddin ya sa nata can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, in an kwana biyu ya cire. Haushi nake ji, gaskiya.

Litinin, 12 ga Yuli

Jikin Inna. Ba faifai wannan watan.

Laraba, 4 ga Agusta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi.

Asabar, 18 ga Satumba

Na je Kaduna. Christiana ta zaunar da ni gaban kwamfutar ofishinsu, muka daɗe muna jira kafin shafin ya fito. Ga tsamiyata, ga rafina, Hausa tsaf kamar ta littafin makaranta. Na gangara ƙasa. "Ina gaida Ruka, a ce mata har yau ban yafe mata tulun nan ba." Wallahi muryarta na ji, har da yadda take jan sunan. Christiana ta fita ta ba ni wuri.

Muhyiddin ya bar saƙo: ya cire na Inna yanzu, kamar yadda na ce?

Lahadi, 10 ga Oktoba

Na ce masa ya bari tukuna. Ya ɗan ƙara girman baƙaƙen ma, don idona ne.

Na zauna zan rubuta wani abu a kan damina, ban san yadda aka yi ba na fara da Fure, da Ruka, da Fadimatu. Ai ba daɗi su ji shiru haka kawai. A ƙarshe na ƙara suna ɗaya, na ce muna nan lafiya.

Buba zai zo karɓa da safe.