A Riƙa Sa Su Durƙuso, Amma Tare

Zuwa ga mai girma Direktan makarantar yara ƙanana ta unguwarmu, Zongo, Lomé.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da sabon simintinku.

Ni ce Maman Rabi, mai atamfa a kasuwar Assigamé. Na yi sintiri ofishinku har na gaji, kullum kuna taro, shi ya sa na rubuto a fili. Godiya na kawo, kashi-kashi.

Na farko. Sanda na kawo Rabi makarantarku, Hausa kaɗai take ji. Kullum da safe sai na ɓamɓare ta daga zanena tana tsala ihu. Sai Tata Afi, malamar ajinsu, ta fara fita da yaran filin bayan makaranta. Ta haɗa su biyu-biyu, kowane biyu ramin kuɓewa ɗaya da gwangwanin ban-ruwa ɗaya. Aka haɗa Rabi da Akossiwa, 'yar wata mai kifi, wadda ita kuma yaren Mina kaɗai take ji. Sun yi kokawa a kan gwangwanin nan, har da yaƙushi, kafin su gane cewa in ɗaya ta ɗebo, ɗaya sai ta zuba. Kafin kuɓewar ta yi fure, Rabi ce ke tashina da safe kada mu makara. Ashe duk ɓata lokaci ne, mu jahilai ba mu sani ba.

Na biyu. Mun gode da kuka gano mana cewa ƙasa tana sa datti. Wallahi wannan binciken ya isa lambar yabo! Wai wasu iyaye sun yi ƙorafin riguna, sai kuka tumɓuke kuɓewar yara, kuka malale filin da siminti, babur ɗinku ya samu wurin hutawa. Ranka ya daɗe, tufafi sana'ata ce, ban taɓa ganin dattin da ya gagari sabulu ba.

Na uku. Kun ce ba a yi asara ba, yanzu ana koyar da abota a aji. Gaskiya ne, Rabi ta haddace ta tsaf da Faransanci, har ta ci maki. Madalla! Sai dai kun jera su bisa haruffan suna, Akossiwa a gaba, Rabi can ƙurya, magana kuma haram. Hutu ma a aji ake yi, don rana ta gasa simintin ba ya takuwa. Yarinya ta iya abota a baki, ba ta da ƙawa. Kukan safe ya dawo, abinci sai da lallashi. Wannan kam yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Na huɗu, kuma nan godiyar ta fi yawa. Makon jiya kuka aiko mini cewa Rabi ta yi babban laifi. An kama ta da Akossiwa sun sulale bayan aji, suna tsiyaya ruwan gorarsu a kan siminti, daidai inda kuɓewarsu take a da. Kuka sa su durƙuso kafaɗa da kafaɗa a ƙofar ofis. Ranar ta dawo gwiwa duk ƙura, tana dariya, tana ba ni labarin ƙawarta har ta cinye tuwonta tas. Rabona da jin dariyar nan tun ranar da aka zuba simintin.

Roƙona ba shi da yawa. Ku fasa mana simintin nan ko da faɗin tabarmar salla ne, ku mayar wa Tata Afi da gwangwanayenta. Wankin rigunan ajin gaba ɗaya na ɗauka, sabulun ma nawa ne. In kuwa simintin ya fi ƙarfin taɓawa, to don girman Allah kada ku yafe wa yaran nan biyu. Ku riƙa sa su durƙuso kullum, amma tare.

Allah ya ƙara girma, ya tsare babur daga ƙura, ya ba ku aboki na gaske, ba na hadda ba.

Wassalam.

Maman Rabi, Zongo.