Fensir a Kunnen Mai Kwalekwale

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya kuma ciwon idon nan da kallon kwamfuta ke sa miki? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Umma da ke ɗan taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Matata tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ita babu ruwanta a rigimarmu.

Kar ki yi dariya da kika ga takarda. Mutumin da ke wuni yana gyara wa jama'a waya, ga shi ƙanwarsa ta ƙi ɗaga tasa, sai da ya je ya sayo biro. Na kira, na tura saƙo, na ga alamar kin karanta, shiru. Shi ya sa na cusa wannan cikin kayan da Umma za ta aiko miki, na san dai kayan Umma ba za ki mayar ba.

Maganar bidiyon nan ce da na yi ina sukar wasan waya na kamfaninku, Tsibirin Fitilu. Wallahi lokacin da na ɗora shi ban san ke kika rubuta labarin Makon Cikar Kogi ba. Ni a sanina kina ɓangaren masu gwada wasan ne a kamfaninku, masu neman inda yake maƙalewa. Sai da ƙawarki ta rubuto ta wanke ni tas, sannan na ji an mayar da ke cikin marubuta, kuma wannan ne aiki na farko da aka sakar miki ke kaɗai. Ta ce so kika yi in buga in yaba, sannan ki ce min ke ce.

Amma Auta, tsakani da Allah, ki duba abin da na faɗa, ki ajiye yadda na faɗe shi. Ni da ke muka fara buga Tsibirin Fitilu a waya ɗaya, kan bencin shagon Baba, cikin ƙurar katako, muna rigima kan wanda zai riƙe. Kin san tarihin tsibirin nan kamar yadda na san shi. Mai Kwalekwale ya nutse tun a zango na biyu na wasan. Mutuwarsa ce ta sa mutanen gari suka gina gada, filafilinsa kuma yana rataye a ƙofar gari, duk mai shiga sai ya bi ta ƙarƙashinsa. Sai ga shi bana an buɗe taron shekara, wato Makon Cikar Kogi, kogi ya cika ya shanye gadar, ga tsoho tsaye a bakin ruwa garau da filafili a hannu, alhali na ƙofar gari yana nan inda yake. Babu wanda ya yi mamaki, ko 'yarsa mai sayar da fitilu ba ta fito ta gan shi ba.

Hannunsa na hagu da kada ya cinye ya dawo. Mutumin da a da ba ya magana sai gyaɗa kai, yanzu sai ya tsare ka da tambayar ko ka ci abinci. Kafin ka shiga kuma sai ya ƙwanƙwasa jikin kwalekwalen, ba a faɗi dalili ba. Sannan fensir! Fensir a maƙale a kunnensa, a duniyar da har yau kan dutse suke rubutu. Na san na yi ta nanata wannan a bidiyon har ya yi yawa, amma ke ma da wani ne ya rubuta, da kin riga ni dariya.

Ke kika sa min suna Alƙali tun muna yara, kin san ba na iya ganin karkatacce in wuce. Ni dai ban ma shiga kwalekwalen ba. Da na tara abin da ya ishe ni bidiyo a nan bakin ruwa, sai na ajiye. Ki ɗaga waya mu yi magana irin ta manya, in akwai inda na yi kuskure ki nuna min.

Ki gaishe da ƙawar taki duk da zagin da na sha.

Yayanki,
Alƙali

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya kuma kayan sun iso. Ban ga amsa ba, yau kuma ban rubuto don in nemi amsa ba.

Kin san yadda nake buga wasan nan. A shago nake yi, tsakanin wannan kwastoma da wancan, ga janareton maƙwabci, ga mai walda a gaba. Tun da daɗewa na kashe sautin wasan gaba ɗaya. Rubutun ƙasa nake karantawa, in na ga abin da bai yi daidai ba in ɗauki hoton sikirin in wuce. Da haka na yi duk bidiyoyina, har ina alfahari wai ni kiɗa ba ya ruɗa ni.

Ranar hutu da rana na zauna a falo zan haɗa bidiyo na biyu, don jama'a sun ce in ƙara. Wayar gwaji ta shago na ɗauko, ita kuwa sautinta a buɗe yake. Na kai ɗan wasana bakin ruwa na tsayar, na tashi neman caja. Umma tana baranda tana ninke wanki. Sai na ji ta shigo da sauri, irin saurin da ƙafarta ba ta yarda da shi ba, riga a hannunta, tana duba bayan ƙofa. Ta ce, "Wa ke waƙar babanku a gidan nan?"

Auta, sai a lokacin na ji. Ashe in aka bar tsohon shi kaɗai, waƙa yake yi a hanci, waccan da Baba ke yi in ƙusa na bakinsa. Har inda take katsewa a tsakiya, in zai cire ƙusar, yana nan. Na miƙa wa Umma wayar. Ta kawo ta dab da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa ɗan yatsa kan fensirin ta ce ga shi nan kuwa, kullum sai ya gama neman sa a shago alhali yana kunnensa. Da tsohon ya ƙwanƙwasa katako sai ta yi dariya, ta ce haka yake yi wa kowace kujera kafin ya bari a zauna. Da ya tambaya ko an ci abinci, ita ta ba shi amsa. Daga nan ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da rigar.

Ni na fi ki daɗewa a shagon Baba. Ni nake feƙe masa fensirin. Na jera abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya a gaban dubban mutane, na sa musu lamba, ina dariya, ban gane mahaifina ba. Ina ta neman hannun da kada ya cinye, na manta kafinta da hannu biyu yake aiki.

Kuma na manta cewa ni ina zaune a gefen gadonsa har ƙarshe, ke kuwa kina hanya, kin iso an riga an kai shi. Ni na samu na yi sallama da shi. Ban taɓa tambayar ki yadda kika yi da taki sallamar ba.

Na goge bidiyon. Na ji kunya, kuma na yi nadama, ba ni da wata kalma da ta fi wannan. Umma ba ta san abin da na yi ba tukuna, ita dai cewa take Allah ya yi miki albarka, kuma kullum bayan ta gama aikinta sai ta ce in kunna mata babanmu.

Ki kula da idonki.

Yayanki

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya haƙuri da mu? Umma lafiya, ƙafar ta yi sauƙi. Matata ta ce yanzu kam ta shigo rigimar, kuma ɓangarenki take.

Na ga sanarwar kamfaninku. Sun ba masu wasa haƙuri kan saɓa wa tarihin tsibiri, sun gode wa masu sa ido, suka turo gyara. Na sabunta wasan a babbar wayata don in gani da idona. Bakin ruwan yana nan, an sa wani katako mai igiya da mutum zai ja kansa ya haye, babu kowa a wurin. Komai ya yi daidai da zango na biyu, babu abin da zan iya kamawa. Ƙawarki ta ce an mayar da ke ɓangaren gwaji, wai sai kin ƙara gogewa. Na karanta saƙon ina riƙe da wayar wani kwastoma a buɗe, sai da na ce ya dawo gobe.

Goge bidiyon bai yi amfani ba, an riga an yayyanka shi an watsa. Na yi wani na ce na yi kuskure, na ce akwai abin da ban ji ba, ban ambaci sunanki ko na Baba ba don ba ni da izini. Waɗanda suka kalla ba su kai cikin cokali ba, rabinsu ma cewa suke kamfani ya saye ni. Na bi bidiyoyin waɗanda suka haye kogin kafin a cire tsohon, don in ga ƙarshen. Duk wanda na buɗe, mai shi yana surutu a kai, yana ƙyaƙyata dariya yana cewa ina fensir, ina fensir, da irin muryata. Wasu suna tsallake maganar tsohon tun bai rufe baki ba, ban samu ko ɗaya da ya bari aka ji ba.

A ƙarƙashin bidiyona na farko akwai wata da ta rubuta, "Ka kai ƙarshe kuwa? A tsakiyar ruwa ya faɗi dalilin dawowarsa." Na ga sharhin tun a ranar. Amsar da na ba ta ita ce labarin da ya karye a bakin ruwa ba sai an shiga ruwa ba, mutane suka yi ta tafa min.

Abu ɗaya na iya cetowa, shi ma da sana'ata. Ranar da na ji za a turo gyaran, na rufe shago na zo gida a guje, na zare layin wayar gwajin nan, na kashe duk wata hanya da za ta iya shiga intanet. Tsohon wasan yana ciki. Yana buɗewa har bakin ruwa, tsohon yana tsaye da fensirinsa, yana waƙarsa, yana ƙwanƙwasa katako. Sai dai hayewa ba ta yiwuwa sai da intanet, in kuwa na kunna, gyaran zai sauka ya share shi. Wayar tana ɗakin Umma yanzu, kan teburin da Baba ya yi mata, matata ke sa mata caji. Na manna takarda a bayanta na rubuta kada kowa ya taɓa.

Na gaya wa Umma komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce dama tun ina ƙarami in aka ba ni sabuwar riga, zaren da ya fito nake fara nema. Jiya kuma ta daɗe tana kallon tsohon yana miƙo hannu a shiga, sai ta ce, "To shi haka zai yi ta tsayuwa, ba mai shiga?" 

Ba na roƙon ki ɗaga wayata, wannan sai ranar da kika ga dama. Aikinki ma na san ba takarda ce za ta dawo da shi ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma in ba don ni ba, don Umma. Ki rubuto mana abin da yake faɗa a tsakiyar ruwa, ko layi biyu ne, a bayan wannan takardar ma ya isa. Ba zan duba ko ya dace da zango na biyu ba. Zan zauna kusa da ita in kunna waƙar, in karanta mata a hankali.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki lafiya, ya huci zuciyarki.

Yayanki mai jiran amsa