Ranar da Yaya Sani ya buɗe baki

Daren Talata, farkon kaka

Yau mun gama cirar gyaɗa, bayana sai ka ce an yi min dukan tsiya. Amma raina fes yake.

Da la'asar muna hutawa a gindin ɗorawa, rediyo ya kawo tarihin tsohon shugaban ƙasar Larabawan nan inda Yaya Sani ya yi shekara tara yana ɗinki. Musa maƙwabcinmu ya ce, "Wallahi irinsa muke buƙata. Shekara da shekaru yana mulki, ba yunwa, ba ɓarayi!"

Gabana ya faɗi, don tun da Yaya ya dawo, in aka tabo zancen can tashi yake ya bar wurin. Yau bai tashi ba.

Ya ce, "Gaskiyarka, Musa. Burodi kamar kyauta, asibiti ma haka. Amma maigidana, dattijo da furfurarsa, in zai ambaci sunan mutumin sai ya rufe shago ya rage murya, ko a gaban ɗan cikinsa. Ranar da mulkin ya rushe kuwa, da rigar jikina kawai na tsallako iyaka."

Har magariba yana ba mu labari, har da dariya. Rabon da in ji dariyarsa na manta.

A hanyar gida ya ɗaga murya yana caccakar gwamnati kan tsadar taki. Na ce, "Yaya, a hankali." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar ni in faɗa, Habu. A nan ko tsakiyar kasuwar Minjibir na faɗe ta, a ɗakina zan kwana."