Katin asibiti na unguwa

Daren Laraba, watan Rajab, 1976

Na je asibiti Birnin Kudu kan ciwon gwiwar nan. Likita ya buɗe fayil ɗina, ya daɗe yana kallona.

"Inna, bara sau uku kika haihu? Watan jiya kuma kika fara haƙori?"

Ni dai ban iya hana maƙwabta aron katina ba, layin yankan sabo yini ake yi. Ya ce ba magani sai ya san wace ce ni a cikinsu. Na faɗi gaskiya. Ya sha dariya, aka ba ni sabon kati, na yi alkawarin ba aro.

Ina dawowa gida Gwaram, maƙwabciyata Ladi ta aiko aron kati. Na ba ta tsohon. Alkawarin ai na sabon ne. Allah Ya yafe mini.